Neman Fuskar Pyo Chunbae

Ranar Litinin, 16 ga Satumba, 2024, jajiberin bikin kaka na girbi, Allah ya yi wa Pyo Chunbae mai gyaran kwamfuta rasuwa a nan birnin Daegu, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina tsaye ina soya wainar biki a shagona wayata ta yi ƙara. Matarsa ce, Maman Dahye. Ta ce, "Baban Dahye ya tafi," ta kashe. Zuciya ce, in ji likita. Ya sunkuya zai ɗaura takalmi, bai ƙara ɗagowa ba. Tun daga ranar na kasa zama wuri guda. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi yi, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na sami sa'ida.

Yaya Chunbae, ni ce Jeomrye mai abinci, wadda ta tsufa tana hawo maka da tire a ka zuwa benen kasuwar kayan lantarki, kana barin miyata ta huce ina yi maka tsiya. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba, amma mai jiran kwanonta ta ga aiki ko ba ta so. Mutum zai shigo maka rungume da tsohuwar akwalar kwamfuta, ya ce ta mutu, tana kamawa amma gilashi baƙi ƙirin. Kai kuwa ka tsani kalmar nan. Sai ka jona ta, ka kara kunne a jikin akwatin, ka ce, "Fanka na juyawa, fitila na ci, ina mutuwa a nan? Fushi take yi, an daɗe ba a kula ta ba."

Ban manta tsohuwar nan da ta zo daga ƙauye a bas ba, ta ƙunso kwamfuta a zane ta goyo ta. Da ita take ganin jikokinta da ke wata ƙasa, ga shi ta daina nuna komai. Kallo ɗaya ka yi ka gane wayar gilashin ce kawai ta yi sako-sako. Ba ka faɗa mata ba, don kada ta ji kunyar doguwar tafiyar da ta sha a banza. Ka kwance akwatin, ka hure ƙura, kana ta gyaɗa kai kamar wanda ya gamu da babban ciwo, ka tura mata tiren abincinka ta cinye tas. Da za ta tafi ka ɗaura jan zare a kan wayar, ka ɗaura wani a bakin raminta, ka ce in ta sake fushi a haɗa ja da ja. Na yi maka faɗa a kan ka wuni da yunwa, ka ce ai miyar tawa gishiri ya yi mata yawa dama.

Shekarar da mijina ya kwanta a asibiti kuwa, kai ka ɗauki tirena a ka kana bin shaguna, babban mutum da kai, miya na bin bayan wuyanka, 'yan kasuwa na tafa maka. Ba ka iya ba, wallahi ba ka iya ba, rabin romon a matakala ya ƙare. Amma ban rasa mai saye ko ɗaya ba har na dawo.

Aibinka guda ne, kuma shi ya tashi hankalinmu. Ba ka son kyamara. Kowane tsoho mai hankali a garin nan yakan je a ɗauke shi hoton da za a kafa ranar jana'izarsa tun yana da ƙafa, har ana cewa yin hakan na ƙara tsawon rai. Duk shekara masu ɗaukar hoto na zuwa cocinku su yi wa tsofaffi kyauta, duk shekara Maman Dahye na goge maka kwat, kai kuma ka sulale. Da mitarta ta ishe ka sai ka ce mata, "Na ɗauka, yana cikin kwamfutar shago, ki bar ni in sha iska."

To ga mu a ɗakin makoki na ƙarƙashin asibiti. An jera fararen furanni, an kunna turare, tsakiya kuma inda fuskarka ya kamata ta zauna, wayam. Hoton katin shaidarka ya koɗe, inuwa kawai ta rage. Hotunan aurenku ruwa ya cinye su shekarar da ambaliya ta shiga ɗakinku. 'Yarka Dahye ta bincike wayarta kaf, abin da ta samu tafin hannunka ne da ƙeyarka. Masu gaisuwa suka fara shigowa, kowa ya ɗauki fure ya tsaya ya rasa inda zai kalla, ya ajiye ya fita a sanyaye. Maman Dahye ta ja ni gefe.

"Jeomrye, jibi da safe mijin Dahye zai shige gaban gawa riƙe da me? Da katakon hoto ba hoto? A ce na tsufa da mutum ban iya ajiye fuskarsa ba?"

Na ce mata, "Yaya, share hawayenki. Ya ce yana cikin kwamfuta, za mu ɗauko shi."

Na faɗa ne kawai, ba ni da tabbacin yana ciki.

Gari na wayewa, ranar biki sosai, muka tafi ni da surukinka Gyeongtae, mijin Dahye, direban bas, da makullan da aka ciro daga aljihunka. Kasuwa tsit, ƙofofi duk a sauke, masu gyara kaf sun tafi garuruwansu gaida kaburburan iyaye. Muka buɗe shagonka. Gyeongtae ya danna kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinka. Fanka ta ɗauka, koriyar fitila ta kawo, gilashi kuwa ko ƙyas. Ya kashe ya kunna, ya sake, ya ɗan mari gefen akwatin. Ya bi lambobin abokan aikinka, wani bai ɗaga ba, wani yana kan dutse yana nome ciyawar kabarin ubansa, ya ce sai bayan biki. Bayan biki! Lokacin ai an riga an kai ka.

Haushi ya kama ni, Yaya, na zage ka tas a cikin shagonka. Ka gyara na duk garin nan, taka ka bar ta haka? Ina zagaye ɗan wurin nan ina tuntuɓe da wayoyi, wayata na ta ƙara, Maman Dahye ce, na kasa ɗagawa.

Da na gaji da zagin sai na ce wa yaron nan ya matsa. Na fara daga inda kake farawa. Na duba ko gilashin kansa yana da wuta, yana da ita. Na durƙusa da waɗannan gwiwoyin nawa na laluba wayarsa, na matse ta a duka bakin biyu. Shiru. Na kara kunne ina jiran 'yar ƙarar nan da lafiyayyar kwamfuta ke yi in ta tashi, ba ta yi ba. Na ce ya zare wuta ya kwance murfin.

Ya ce, "Inna, in muka ɓata fa?"

Na ce, "Ɗan nan, me ya rage da za mu ɓata? Miƙo sukundireba."

Ga siririn allon nan mai haƙoran zinariya da kuke kira ram, a tsaye cikin raminsa, ƙura ta yi masa bargo. Na danne 'yan maƙallan gefe ya fito. Magogin fensir ɗinka na nan cikin murfin gwangwani, ya yi baƙi, ya cinye saura kaɗan. Na goge haƙoran a hankali, gaba da baya, na hure. Na kasa mayar da shi raminsa, sai Gyeongtae ya danna da babban yatsa muka ji ƙas. Muka jona. Fanka ta juya, ta juya. Sai ƙarar nan ta fito, siririya, gilashi ya yi haske. Ƙaton direba ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Murnarmu ba ta je ko'ina ba. Hotuna ne maƙil a ciki, amma duk na kwamfutocin mutane. Ashe kafin ka taɓa kowacce sai ka ɗauke ta gaba da baya, don kowace waya ta koma inda ka same ta. Akwati, wayoyi, baƙin gilashi, akwati, wayoyi, baƙin gilashi, shekara da shekaru. Gyeongtae na ta wucewa, rana na ta yi, can ana jiranmu a sa ka cikin akwatin gawa. Ya ce, "Inna, ina jin Baba wayo kawai ya yi wa Mama." Ni ma na yarda, na ɗauki jakata.

Sai ya ce in tsaya. Wani baƙin gilashi ne kamar sauran, amma an goge shi tas, kuma kai ne a cikinsa. Ka jiƙa sumarka ka taje, ka sa kwat ɗin nan da ake goge maka, ka ɗaura taye a karkace, ka riƙe kyamara a ƙirji, kana kallon gaba sosai, da ɗan murmushin wanda ke jin kunya. A shagon nan babu madubi, sai ka yi da abin da kake da shi. Ka rufe ƙofa kai kaɗai ka yi abin da matarka ta roƙe ka, ba ka so kowa ya gani.

Ma'aikacin ɗakin makoki ya yanke kyamarar, ya ƙara wa fuskar haske. Da aka nuna wa Maman Dahye ta daɗe tana kallo, sannan ta ce tabon ƙunar goshinka ya koma hagu, alhali a dama yake. Ma'aikacin ya ce hoton madubi ne, yanzu zai juya shi ya koma daidai. Ta dafe hannunsa.

"Bar shi. Ni na san yadda nake ganinsa. Wannan yadda shi yake ganin kansa ne, ban taɓa gani ba."

Haka aka kafa shi, da baƙin ƙyalle a kusurwoyinsa. Haka Gyeongtae ya riƙe shi a gaban gawarka da safiyar Laraba, aka bi da kai ta ƙofar kasuwa, ka yi sallama da benenka.

Yaya Chunbae, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka da hannun rahama, ya ba ka hutun da ba ka yarda ka yi a duniya ba. Alherin da ka yi a ɓoye don kada wani ya ji kunya, Ubangiji ya bayyana maka shi a can. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dahye da mijinta da 'ya'yansu, da duk 'yan bene da suka dawo daga biki suka tarar da ƙofarka a rufe. Ke kuma Yaya, Maman Dahye, Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ya sanyaya miki zuciya. Ya ji maganarki, bai dai faɗa miki da kyau ba ne.