Malama Rahmatu da Sunan da Na Kasa Rubutawa

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta abin da jama'a za su saurara ba, iyakata in raɓe a lungun ɗakin karatu in karanta na wasu. Ranar da ɗaliban sashenmu suka zauna kan ritayar Malama Rahmatu, aka tambayi wa zai rubuta jinjina, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ban ji tambayar ba, sai na ɗaga nawa. Haka abin ya faɗo a kaina. Ban sani ba ko jinjina tana da gabatarwa irin ta maƙala, ko ana kawo madogara a cikinta. Zan kawo dai, tunda Malama za ta saurara.

Kullum da sassafe keke napep ke sauke ta daga Mabera a bakin kwaleji, da gorar kununta da jan biro. Ofishinta zafi gare shi, don haka ƙarƙashin darbejiya take zama, mu yi layi da takardunmu. Aikinta koya mana rubutun maƙala da kundin kammala karatu, darasin da aka ce sauran malamai gudunsa suke yi. Ban ji wannan daga bakin malami ko ɗaya ba, don haka kada a riƙe ni a kansa. Tambayarta ɗaya ce, ta ɗora biro kan layi ta dube ka: “Wa yac ce?”

Khaula, 'yar ajinmu, ta shaida mini cewa ta taɓa kai mata maƙala mai doguwar gabatarwa. Malama ta karanta ta ce, “Ɗiyata, maƙala kamar zuwa gidan mutane ta. Ki yi sallama, ki faɗi abin da yak kawo ki, ki yi bankwana. Ke kin tsaya gaisuwa har la'asar.” Umar Faruk kuwa, wanda ya yarda in ambace shi, ya kwafo maƙala sukutum daga waya. Ba ta yaga ba, ba ta kai shi gaba ba. Ta ce ya bayyana mata sakin layin farko kamar yana yi wa kakarsa bayani. Ya kasa. Ta zaunar da shi har ya haifi jimloli nasa na kansa, guragu, ta kuma ce sun fi mata wancan kyau. “In ka ari riga zuwa biki,” in ji ta, “ba laifi. Laifin a yaba ta ka yi shiru.”

Yanzu sai abin da ya faru da ni, madogararsa kuma ni ce, ban san ko hakan ya halatta ba.

Kundina a kan jima ne, yadda ake sarrafa fatar jar akuya. Littattafai sun ba ni kaɗan. Sauran duk daga bakin Baba na samu, domin majemi ne tun kafin a haife ni: yadda ake jiƙa fata da toka, lokacin da ake sa bagaruwa, yadda hannu ke gane ta jemu. Ko'ina a kundin na rubuta “wani dattijo ya ce”. Malama ta zagaye dattijon nan da ja har shafi ya yi kamar an yanka kaza a kai.

“Zulaiha, wane dattijo na?”

“Babana na, Malama.”

“To ki sa sunanai, da shekarar da kunka yi hira, da wurin.”

Na yi shiru. A gidanmu ba a faɗin sunan Baba. Inna ba ta taɓa faɗa ba, ni ma haka, ko yaron maƙwabta mai irin sunan, Mai Sunan Baba muke ce masa. Sunan da makaranta ke haɗa mini da nawa ma na kakanmu ne. Ga shi ƙa'idar manazarta ba ta san Malam ko Alhaji ba, suna take so tsirara. Malama ta ce ba za ta sa hannu a kan kundin da babbar madogararsa ba ta da suna ba. Babu sa hannunta, babu kare kundi, sai in jira wata shekara, 'yan ajinmu su fita su bar ni.

Da na faɗa a gida, Inna ta ajiye muciya. “Boko dai har ya kai ɗiya ta kama sunan ubanta ta baza ma duniya? Ki ce mata mu ba mu yin haka.” Na koma na ce wa Malama mu ba mu yin haka. Ta ce, “Mu ma ba mu yin haka. Ni ma ɗiyar gida ta.” Sai na ƙara rikicewa, don na zaci ta janye, ashe ba ta janye ba.

Ke ce, Malama, kika hau keke ranar Asabar har gidanmu a Runjin Sambo, ba wanda ya aike ki. Kika fara gaida Inna, kika sha furarta, sannan kika nemi iso wajen Baba a zaure. Ina bayan ƙofa. Kika ce masa malaman garin nan na dā ba su kawo magana sai sun ce daga wane suka ji, shi ma daga wane, kuma ba raini ba ne, riƙon amana ne. Kika ce in an bar “wani dattijo”, gobe wani zai kwashe iliminsa ya ce nasa ne.

Baba ya yi dariya. “To in ba ta sa sunana ba, na wa za ta sawa? Na maƙwabci?” Ya ɗaga murya ya ce, “Zulaiha, na san kina nan. Rubuta. Ni nas sa ki.”

Na rubuta.

Ranar kare kundi, baƙon malamin da aka gayyato ya buɗe ya ce, “Wannan da kika dogara da shi haka, wane ne?” Na ce mahaifina ne. Ya ce, “Sunansa?” Ke ce kika amsa daga gefe: “Yana shafin ƙarshe, ranka ya daɗe, da hannunta ta rubuta. A takarda ake neman manazarta.” Ya duba, ya gyaɗa kai, ya wuce wata tambaya. Na ci.

Har yau ban gama gane abin ba. Kin tilasta wa hannuna, kin kare bakina. Inna ta ce rashin kunya ne ko da izini, ba ta taɓa kundin ba. Baba, da ba ya karanta boko, ya sa na ɗora masa yatsa kan layin, ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya ce in gaishe ki. Ban san wanda ya fi gaskiya cikinsu ba, kuma a nan ma ba zan sake rubuta sunan ba. Mai so ya je ɗakin karatu.

Mun gode, uwar masu rubutu. Allah ya sa hutun nan ya zame miki hutu, ya saka miki da alheri. Malaman da za su gaji wurin nan, don Allah ku riƙa tambayarmu wa ya ce, kuma in ɗalibi ya yi shiru, ku bi shirun har gida kamar yadda ta bi nawa. Mu ɗalibai, mu riƙa faɗin mai riga.

Khaula ce ke karanta muku wannan, don muryata ba za ta kai ba. Na roƙe ta ta ja sakin layin godiya a hankali. Kada ku waiwaya neman wadda ta rubuta, kujerar bakin ƙofa na zauna, kuma kafin a kawo nan na kai titi.