Barau Mai Walda da Filin Bayan Tasha

Duk layin makanikai na Maigatari babu wanda ya kai Barau mai walda tsawo. Da yana sakandare a Gumel shi ne gwanin ƙwallon kwando, sai mahaifinsa ya rasu, ya ajiye boko ya kama sana'a. Har ya yi furfura abin bai daina ci masa rai ba.

Wata rana ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, ya kafa shi a filin bayan tasha. Samari 'yan acaɓa masu kai fasinja bakin iyaka suka fara taruwa bayan la'asar. Sai da wasan ya shiga ransu sannan ya kafa doka: wanda bai je makaranta da safe ba, hannunsa ba zai taɓa ƙwallo ba. Da ƙafarsa yake zuwa wurin malamai yana tambaya.

Alhaji Yelwa, mai baburan da samarin ke haya, ya ga baburansa na wuni a jingine. Ya sami Barau a shago.

"Barau, wasa ne zai ciyar da su?"

"A'a, Alhaji. Amma wa babur ɗinka ya riƙe har tsufa?"

Washegari aka tarar da tirelar Alhaji a tsakiyar filin, wai ta lalace. Barau bai kai ƙara ko'ina ba. Ya ciro zoben, ya ɗaure shi a jikin tirelar, ya ce wa samarin su ci gaba. 'Yan tasha suka taru suna dariya. Alhaji ya iso yana huci.

"Sauke ƙarfen nan!"

"A janye motar, Alhaji, sai in sauke. In an kawo wata, ita ma mu ɗaura mata."

Kafin Juma'a tirela ta warke.

Ba duka suka jure ba. Wasu sun koma kan babur. Amma Abdulfatah, wanda kowa ya fitar da rai da shi, ya zana jarrabawa ya samu kwalejin ilimi. Barau ne ya raka shi Gumel.

Bana Khairiyya, 'yar Barau, ta ce 'yan mata ma suna son wasan. Gari ya ɗauki surutu. Barau ya nemi izinin shugabar makarantarsu, ya kunna injin walda don ya yi musu nasu zoben.

"Su yi ta faɗa," in ji shi. "Ni ban iya fasa aiki ba."