Hajiya Ummussalma, Wadda Ta Miƙar da Sakinatu

Duk mai zuwa dubiya asibiti a Haɗeja da sanyin safiya ya san Hajiya Ummussalma, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai farin hijabi, mai tafiya kamar ana jiranta. Kafin masu kunu da ƙosai su gama hura wuta a bakin ƙofa, ta riga ta buɗe ɗakin gashi, inda ake gasa wa marasa lafiya jiki ana motsa musu gaɓoɓi. Ba ta zama. Sai ta wuce ɗakin kwanciya ta bi gado-gado, ta juya wannan ta duba ko gyambon kwanciya ya fara cin bayansa, ta kama ƙafar wancan ta yi ta lanƙwasawa tana miƙarwa, tana tambayarsa labarin gonarsa. Haka ta yi fiye da shekara talatin. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da idanu suka gani tun tana ji da kunnenta.

Yawancin waɗanda suka bi ta hannunta masu ciwon laka ne. Ita kuwa laka, yadda Hajiya kan yi wa mutane bayani, igiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa tsakiyar ƙashin baya, ta cikinta saƙo ke zuwa hannu da ƙafa da mafitsara. Abin da ke taɓa ta da yawa: faɗuwa daga babur ko daga bishiya, haɗarin mota, ƙari, ko wata cuta da ta ci ƙashin. Ranar da ba ta da aiki takan je tasha ta tara direbobi da 'yan acaba, ta ce musu, "Don Allah in mutum ya faɗi ya ce baya ko wuya, kada ku ciccibe shi ku naɗe a bayan mota. Ku nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, ku kwantar da shi a miƙe. Sau da yawa faɗuwar ba ta gurgunta mutum, ɗaukar ce ke ƙarasa shi."

Amma labarin da aka fi ba da shi a kanta na Sakinatu ne.

Wata rana tana dawowa daga duba wani tsohon majinyacinta a cikin fadamar Auyo, sai Auta, mai kwalekwalen da ya saba tsallakar da ita, ya ce, "Hajiya, akwai wata baiwar Allah a tsallaken can, matar Buba. Ƙafafu sun mutu. An ce iska ce ta buge ta."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Gobe ma mai ɗori zai zo ya danne mata wani ƙulli da ya fito a baya."

Hajiya ta ce, "Juya mu, Auta."

Ta tarar da Sakinatu kwance a tabarma, ɗakin ya cika da hayaƙin turare. Mace ce da duk ƙauyen suka sani da sana'ar gumin shinkafa, ta dafa ta shanya ta kai kasuwar Kafin Hausa, yanzu ta rame ta koma kamar kara. 'Yarta Adila, wadda ba a daɗe da yayewa ba, tana ta jan zanenta tana son goyo. Hajiya ta durƙusa ta yi ta tambaya a hankali. Ciwon baya ne ya fara, ya ƙi jin magani. Sai zazzaɓi da zufa, sai ƙin abinci. Daga nan ƙafafu suka yi nauyi, tana jin kamar tururuwa na yawo a cikinsu, har ranar da ta yunƙura za ta tashi suka ƙi ɗaukarta. Da aka zo maganar fitsari, Sakinatu ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Hajiya ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta fara tsikarar ta tun daga tafin ƙafa tana hawa. Sakinatu ba ta ji komai ba sai da tsinken ya iso cibiya. Sannan ta shafa bayan, ta ji ƙullin, ƙashi ne ya turo. Ta fito tsakar gida wajen maigidan.

"Malam Buba, akwai wanda ya yi doguwar jinyar tari a gidan nan?"

"Mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Ita ce ma ta yi jinyarsa."

"To, ina zargin tarin fuka ne ya kama mata ƙashin baya. Ba ni zan yanke hukunci ba, sai likita ya ga hoto."

Buba ya girgiza kai. "Hajiya, tarin fuka ai a ƙirji yake. Ita ko tari ba ta yi."

"Cutar ba ta da masauki ɗaya. Wani lokaci ƙashi take samu ta ci, ya burma ya danne laka. Ka saurare ni da kyau. In aka taka ƙullin nan gobe, lakar na iya tsinkewa. Ƙashi ake ɗorawa, laka ba a ɗora ta."

Buba ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi 'yarsa. Ya ce an riga an yi magana da mai ɗorin, kuma dangi za su ce ya raina su. Hajiya ta ce ita za ta je ta yi wa dangin bayani, in da laifi a ɗora mata. Ta kuwa je, gida-gida, har la'asar. Kafin rana ta faɗi Buba da kansa ya cire ƙyauren ɗakinsa, aka kwantar da Sakinatu a kai, aka ɗaure ta da zannuwa don kada ta motsa, Auta ya tuƙa su a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hoton ƙashi ya nuna ɓarna. Likita ya tura su Kano aka saka ta a babbar na'urar da ke nuna laka kanta, aka kuma yi gwaji. Zargin Hajiya ya tabbata, amma da albishir a ciki: ruɓaɓɓen ƙashi da mugunya ne suka matse lakar, ba ta tsinke ba. Aka ɗora ta a kan maganin tarin fuka na kusan shekara, aka yi mata riga mai tauri da za ta riƙe bayan. Likita ya ce in ƙafafun suka ƙi farfaɗowa, sai an yi tiyata.

Daga nan aikin ya dawo hannun Hajiya. Ta koya wa Buba yadda zai riƙa juya matarsa akai-akai don kada fata ta ɓare, da yadda zai motsa mata gwiwa da idon sawu don kada su sandare. Namiji makiyayi, mai hannu kamar dutse, ya koyi riƙe ƙafa da taushi. Aka sallame su, suka koma gida, ƙafafu dai shiru.

Sai damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya tumbatsa, ya shanye hanya. Ranar karɓar magani ta zo ta wuce, Buba bai zo ba. Hajiya ta san abin da yanke maganin nan ke jawowa: cutar ta dawo da taurin kai. Ta karɓi maganin, ta ƙulle a leda, ta nemi Auta.

Auta har yau in yana ba da labarin sai ya riƙe baki. "Mun shiga kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana ruwa, kwalekwale ya cije. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Na ce, Hajiya mu haƙura sai ruwa ya janye. Wallahi ban rufe baki ba na ga ta ɗaura ledar a ka, ta zura ƙafa cikin ruwa. Ruwa har ƙirji, mace mai jikoki! Ta ce, Auta kai ja, ni in tura."

Sun isa jiƙe sharkaf. Sakinatu na ganin ta ta juya fuska bango. "Goggo, kin wahalar da kanki a banza. Ni na riga na sallama. Ki ce wa Buba ya daina ɗawainiya da gawa."

Hajiya ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ba ta magani ta haɗiye, ta yaye zanen ƙafar, ta ce, "Ni ban sallama ba. Aika wa babban yatsan nan saƙo."

"Na sha aikawa."

"Sake aikawa."

Sakinatu ta sake aikawa. Yatsan ya ɗan yi rawa, kamar ganye ya ji iska. Buba da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Ya motsa! Wallahi ya motsa!" Ya fita tsakar gida da gudu yana kabbara, mata suka shigo da guɗa, Hajiya kuwa ta zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen hijabinta tana dariya, hawaye na zuba.

Sauran ya zo a hankali. Zama, sannan tsayuwa da dafa bango. Hajiya ta sa Buba ya kafa gora biyu a tsakar gida, Sakinatu ta riƙa bi tsakaninsu tana jan ƙafa. Ta faɗi, ta tashi, ta yi fushi, ta koma. Kafin kaka ta zagayo ta biyu, ta gama magani, tana zuwa maƙwabta da sanda.

Ba kowa ne ya tashi kamar Sakinatu ba, Hajiya ce ta farko da za ta faɗa maka haka. Akwai waɗanda lakarsu ta tsinke, suna kan keke har yau. Amma je ka gan su: wannan tela ne, wancan yana da shago, ba gyambo, ba zaman jiran mutuwa. Su ma aikinta ne.

Makon da ya wuce, da labarin ajiye aikinta ya kai fadama, sai ga Sakinatu a ƙofar ɗakin gashi, da ƙafarta, ba sanda. Buba na biye da buhu a kafaɗa.

"Goggo, shinkafa ce. Ni na yi guminta da hannuna."

Hajiya ta harare ta. "Ina fata ba ke kika ɗauko ba?"

"Ina ni ina kaya? Ga mai ɗauka Allah Ya ba ni."

Marasa lafiyar da ke kwance suka ɗago kai suna kallon matar da aka taɓa shigowa da ita a kan ƙyaure.

Hajiya Ummussalma, ke ce kika shiga ruwa don wata ta taka ƙasa. Ke ce uwar waɗanda aka fid da rai da su. Ba a sa sunanki a jikin wani gini ba, amma akwai gidaje daga Auyo har Kirikasamma da ba a shafa addu'a sai an ambace ki. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya ba ki hutu cikin lafiya.

Ku kuma matasan da za ku gaje ta, kun ga yadda ake yi. Mu da ke gida, in ɗan'uwa ya yi kukan baya har ƙafa ta fara nauyi, kada mu jira ta mutu, mu kai shi asibiti tun tana jin tsinke.