Kawu Sule da Gorubarsa

Kawu Sule ba ya fita sai da goruba a aljihu da 'yar guduma. Da haƙori yake gwagwiyarta a da. Da haƙoran suka ƙare, bai daina ba, guduma ya saya.

Ƙanen babata ne. Ya yi aikin lambu a Samaru har ya tsufa, ni kuwa tuwo nake sayarwa a bakin tasha a Sabon Gari. Babata faɗuwa ta yi a tsaye, ba ta tashi ba. Shi ya sa ranar da likita a Shika ya ce ina da hawan jini, na dawo gida na fara rabon tukwanena.

Masu dubiya suka yi ta kawo lemon kwalba da madarar gwangwani. Kawu ya shigo da jarkar jiƙon goruba, ya tattare nasu a buhu.

Na ce, "Kawu, ina za ka da su?"

Ya ce, "Inda ba za su kashe ki ba." Gidansa yake nufi.

Daga nan ya tare a rumfata. Da na zuba abinci zan ci, sai ya sa hannu ya tsame tsokar da kitsen, ya ajiye min gwaiba ko yankin gwanda.

"To kai zuciyarka fa?"

"Tawa ta tsufa, Hajara. Kare ki nake yi." Yana faɗa yana mamular naman da dadashi.

Gishirina ma ya ɓoye. Wani direba ya ɗanɗana miya ya ce, "Hajiya, yau rowa ake ji?" Kawu ya miƙa masa lemon tsami, ya ce, "Matsa ka ci. Kai ma dubi wuyanka."

Da na koma awo, likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce jinin ya sauka. Da na dawo na ce wa Kawu tunda goruba ta yi aiki, na bar ƙwayar da likita ya ba ni. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Ke 'yar tasha ce, ba ki san aiki ba? Ƙwaya ce direba. Goruba kwandasta ce kawai. Haɗiye ina kallo."

Na haɗiye. Na kuma bi gidaje na karɓo tukwanena.

Ya rasu salin-alin bayan sallar la'asar, da rabin goruba a aljihu. Gudumar tana wurina, kuma na wuce shekarun babata.

Allah, ya ci namana da yawa, na yafe masa. Ka jiƙansa, Ka ba shi inuwa mai 'ya'yan itace, Ka mayar masa da haƙoransa.