Jan Gashin Jabez

Shekara ashirin da ɗaya muka yi da Keziah Pettifer a teburi ɗaya, a saman shagon Mista Huckvale mai sayar da hotunan ba'a a Landan. Zanen yakan zo mana baƙi da fari, mu ne masu sa launi. Samfur ake kafa mana, mu bi shi sak, ko ɗigo ba ma canzawa. Keziah kuwa tsoro kamar farar kura, ko ƙofa aka buga sai ta zabura.

Shekarar rikicin takardu ce ta ƙarasa ta. Wani saurayi ya ɓullo da wasiƙu da sabon wasan kwaikwayo, wai da hannun babban marubucin wasanninmu aka rubuta su, mutumin da ya mutu tun zamanin kakanni. Manyan masana har durƙusawa suka yi suna sumbatar takarda. Da asiri ya tonu, sai gari ya ɗauka: wa ya ba yaron tsohuwar takarda? Ni kaɗai Keziah ta gaya wa. Mijinta ne, Jabez mai ɗinkin littattafai, ya yanko masa fararen shafuka daga tsofaffin littattafai, bai san me za a yi da su ba. Jabez kuma jan gashi ne da shi.

Wata safiya aka kafa sabon samfur: masana suna sujada ga takarda, can gefe wani mutum da wuƙa yana yankan littafi. Gashinsa ja wur.

"Tabitha, sun gano shi," Keziah ta raɗa min. "Rataye shi za su yi."

"Ke dai kin cika tsoro. Masu jan kai nawa ne a Landan?" Faɗa kawai na yi.

Kwafi ɗari ne rabonta. Duk ta mayar da gashin baƙi.

Da hantsi Mista Huckvale ya hawo duba aiki. Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga na biyu.

"Misis Pettifer, ina jan?"

"Ya ƙare, yallaɓai."

Ya dubi kaskon launinta, ga ja nan fal. Ya daɗe yana kallon ta.

"Mai zanen nan daga kansa ya ƙirƙiro mutumin," ya ce a hankali. "Kowane mugu ja yake ba shi, al'adarsa ce. Wallahi ban san akwai shi da gaske ba sai yanzu."

Bai gaya wa kowa ba, tsinanne, kuma bai kore ta ba. Ita ma ba ta ƙara ɗaga ido a gabansa ba, ba ta taɓa iya barin aikin ba, don tsoron kada ya tona asirin mijinta. Jabez ya yi furfura, ya mutu a gadonsa, an manta da rikicin. Amma har ranar da muka binne Keziah, babu safiyar da Huckvale bai tsaya a bayan kujerarta ya yi murmushi ba.

"Ina kwana, Misis Pettifer. Akwai ja yau?"