Baba Na'Allah da Gilashin da Ya Juya Baya

Da an fito sallar asuba a Kaura Namoda, Baba Na'Allah Mai Hoto ba ya komawa barci. Yakan sha kokonsa, ya tura tsohon kekensa zuwa shagonsa na hanyar tashar jirgi, ya buɗe tagar gabas ita kaɗai. Sai ya rataya mata farin ƙyalle, don ya ce rana tsirara tana sa azurfa walƙiya, walƙiya kuwa tana ɓoye rubutun da ke jikinta a hoto. Daga nan ya zauna yana goge gilasan kamarorinsa da auduga, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Haka na san shi tun ina saurayi. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, saboda hannunsa ya fara rawa, ni kuma na ga bai kamata in yi shiru ba.

A da, shi ne mai hoton biki da suna a unguwarmu. Da waya ta zo, kowa ya zama mai hoto, fim ya ɓace daga kasuwa. Abokan sana'arsa suka kwashi kamarorinsu suka kai wa 'yan gwangwan. Shi ya ƙi. Ya kwance gilasan yana ta jujjuya su, har ya ga cewa idan aka juya gilashi bayansa ya koma gaba, ƙwayar gero takan cika fuskar hoto. Ya yanki guntun bututun ruwa, ya ɗaure gilashin da robar tayar keke a bakin wata kamarar zamani da ya saya ta hannu. Ya kafa ta a kan ƙarfen tsohon keken ɗinki, tana kallon ƙasa, da wata ƙusa mai murɗi da yake sauke ta kaɗan-kaɗan. Mutane suka yi ta dariya, wai tsufa ya mai da shi makaniken wasa.

Dariyar ta tsaya lokacin da rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Mata suka riƙa shigowa gari da tsofaffin sarƙoƙinsu na fataka da liyari, kuɗin azurfa na da, da kwabo mai huji, abin da suka gada daga kakanni, suna kai wa maƙera a narke don su ci abinci. Audu maƙeri, wanda rumfarsa ke jikin shagon, ya gaya mini cewa Baba ya roƙe shi abu guda: kada ya sa komai a wuta sai ya bi ta ƙarƙashin kamararsa. Yakan wanke hoton ya ba matar, ba ya karɓar komai.

Audu ya ce bai manta da Inna Zainabu ba, wata Bafillatana daga wajen Zurmi. Da ta ga hoton fatakarta ya yi girman faifai, sai ta ɗora yatsa a kan wata 'yar lotsawa a gefe, ta ce, "Wannan haƙorin innata ne. Nan ta ciza ranar da ta saye ta, wai ta ji ko azurfa ce." Ta yi shekaru tana rataye da ita a wuya, ba ta taɓa ganin wurin ba. Azurfar ta narke a ranar, hoton kuwa ta naɗe shi a bakin zanenta.

Baba, kai ne ka riƙe wa mutanen da aka kora daga gidajensu ɗan abin da wuta ba za ta ci ba.

Nawa labarin ya faru bara da kaka. Ɗiyata Nazifa tana taya uwarta sheƙar gero a gonarmu ta Ɗan Isa, wani abu ya faɗa mata a idon hagu. Ido ya yi ja, yana zubar ruwa, ba ta iya kallon haske. Mun hura, mun wanke, mun leƙa, ba mu ga komai ba. Wannan ta ce a ɗiga nono, waccan ta ce kwalli, wani ya ce ruwan sukari. Mai kemis ya ce a kai ta wajen masu ido a Gusau. A cikin makon kuwa an tare hanyar Gusau an kwashi mutane. Na rasa abin yi: in fita da yarinya hanya a kan abin da wataƙila zai warke da kansa, ko in zauna ido ya mutu ina kallo.

Ina wucewa da ita ta gaban shagon, ta rufe fuska da mayafi, sai Baba ya kira ni.

"Saminu, mi ya samu matata?" Haka yake tsokanarta tun tana rarrafe.

Na gaya masa. Ya ce, "Shigo da ita. Ni ba likita ba ne, ba ni taɓa mata ido. Amma gani dai, mu gani."

Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin keken ɗinkin, daidai inda yake ajiye fataka, ya sa ta kwanta rigingine. Ni na riƙe mata fatar ido.

"Matata, tsaya cik. In kin motsa na sake ki."

Tana hawaye ta ce, "Ka daɗe ba ka saki ba, tsoho. Wa ka son ka?"

Ya murɗa ƙusar, ya ɗauke numfashi, ya danna. Ya sake, ya sake, har ya samu wanda ya fito. Ya nuna mini. Ga wani siririn ƙaiƙayi ya soke a gefen baƙin idon, kewayensa ya fara yin fari. Ya tura hoton ta waya ga Mu'awiya, ɗan ƙanensa da ke aikin jinya a wajen masu ido a Gusau. Ba mu daɗe ba ya kira: kada a ɗiga komai, kada a murza, a kawo ta yau, gobe ta yi nisa.

Na ce, "Baba, hanyar fa?"

Ya ce, "Hanya wataƙila ce, Saminu. Wanga kuwa ka gan shi da idonka." Ya kulle shagonsa, ya ce shi ma yana da abin yi a Gusau. Ba shi da wani abin yi a can. Zama kawai ya yi kusa da ni a mota, yana ba Nazifa labarin amaren da suka rufe ido a hotonsu, har muka isa. Aka cire ƙaiƙayin, aka ba da magani. Wani ɗan tabo ya rage, amma tana karatu da idon.

Kai ne mai ido a inda namu suka gaza, Baba. Ba ka yi kamar ka san abin da ba ka sani ba, ka nuna mana abin da ke nan, sannan ka raka mu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba hannunka sauƙi, Ya sa ka gama lafiya.

Ku masu tsofaffin kamarori a akwati, kada ku kai wa 'yan gwangwan. Ku je ya koya muku ɗaurin gilashin kafin ya rufe, har yanzu maƙera suna narkar da azurfa. Ku kuma iyaye, idan abu ya shiga idon ɗa, a kai shi a duba kafin a ɗiga masa komai.

Nazifa ta ce in gaya maka tana nan zuwa ranar Juma'a, kuma wannan karon da ido biyu za ta duba ko ka cancanci ta ci gaba da zama matarka.