Garin da Inna Ta Daka Mini

Gwiwoyin Inna sun soma kumbura ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Birnin Kebbi, muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Asibiti suka ce sanyin ƙashi ne, suka ba ta ƙwayar da ke lafar da ciwon ta tayar mata da gyambon ciki. Ta daina sha. Tun daga nan sujada ta gagare ta, kuma wannan ya fi ciwon ci mata rai.

Ina da aboki a Sakkwato mai gwajin itatuwan magani. Sukan tatso ruwan itace, su kumbura ƙafar ɓera da allura, su ba shi, su auna ko kumburin ya saɓe. Ya yarda in kawo masa itatuwa ya gwada saboda Inna, sharaɗinsa guda ne: kowane itace daban, a busar a inuwa. Ya ce in gaggauta, sinadarin da ya rage musu kaɗan ne, gwamnati kuma ta tsuke bakin aljihu.

Hutun damina kakaf na ƙarar da shi a fadamar Argungu ina saran itatuwa, matsattsaku na shan jinina. Giyayya, tafashiya, marke, da hanon da na saro a tudu. Na shanya su a ɗakin marigayi Baba, kowanne da tabarmarsa, na koma aiki.

Ranar da na zo ɗauka na tarar da tabarmin a naɗe. Inna ta turo mini ƙwarya cike da gari, tana murmushi.

"Na hutasshe ka," in ji ta. "Magani ba shi aiki shi ɗai, sai da haɗi. Har jar kanwa na sa maka."

Daga zaune ta daka shi, da waɗannan gwiwoyin. Wallahi raina ya ɓaci, na yi ta faɗa kamar ba ita ta haife ni ba. Ta saurara har na gaji, ta ce, "To malam, a kai ma ɓerayen haka nan."

Haka na kai. Abokina ya gwada don jin kunyata, kuma abin takaici, kumburin ɓerayen ya saɓe. Inna ta sha sauran garin, gwiwa ta ɗan yi sauƙi, amma gudawa ta kusa kashe ta. A cikin ƙwaryar akwai mai magani, akwai mai cutarwa, ba wanda zai iya raba su. Kafin wata damina sinadari ya ƙare, abokina ya bar aikin ya kama sayar da taki.

Inna ta kai sai an ɗaga ta. Wata Juma'a ina gyara mata matashi ta kama hannuna.

"Ɓerayen nan naka," ta ce, "sun dai samu sauƙi ko?"

Na ce sun samu.

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Juya ni gabas."